Wa Ke da Izinin Buɗe Wannan Folda?

A yawancin ofisoshinmu, ko makarantar kuɗi ce, ko ƙaramin asibiti, ko kamfanin dillancin kaya, akwai wata kwamfuta guda da ba a kashewa sai dai in wuta ce ta ɗauke. Takardun kowa a cikinta suke: jadawalin albashi, sakamakon jarrabawa, wasiƙun da aka aika wa banki, hotunan katin shaidar ma'aikata, har da takardar gargaɗin da aka taɓa ba wani. Sauran kwamfutocin ofis suna kaiwa gare ta ta waya ko ta waifai, mutum yana zaune a teburinsa ya buɗe folda kamar a cikin tasa na'urar take. Ita ce foldar tarayya. Kula da irin waɗannan na'urori shi ne sana'ata, kuma duk ofishin da aka kira ni, kafin in taɓa komai nakan tambaya: wa da wa ke iya buɗe foldar albashi? Yawanci sai a kalli juna. In na duba da kaina, abin da na fi tararwa shi ne kowa na iyawa, kuma abin bai tsaya ga buɗewa ba, har gyarawa da gogewa.

Ba mugunta ke jawo haka ba. Ranar da aka haɗa na'urorin kowa na jira, mai ofis na gaggawa, wanda ya haɗa kuma ya san duk foldar da ta ƙi buɗuwa shi za a kira ko yana tsakiyar cin abinci ne. Windows na da wani rukuni mai suna Everyone, wato kowa da kowa, da wani izini mai suna Full Control, wato cikakken iko. Da zarar an haɗa biyun nan, ƙorafi ya ƙare a ranar. Abin da ya biyo baya shi ne ɗan bautar ƙasa da ya zo jiya-jiya yana iya ganin albashin shugabar makaranta, yaron da aka zaunar a kwamfutar ɗakin karatu kuma yana iya canza makin ajinsu. Abin yana damuna ƙwarai, domin takardun nan amanar mutane ce, gyaran kuma bai fi ƙarfin ƙaramin ofis ba. Ba sai an sayi komai ba. Kayan aikin suna cikin kwamfutar tun ranar da aka fito da ita daga kwali.

Hanyar da kwamfutoci ke bi su yi tarayya a fayil sunanta SMB. Wani ma'aikacin IBM, Barry Feigenbaum, ya fara tsara ta a 1983, Microsoft ta ɗauka ta raine ta, har ya zama duk lokacin da ka rubuta sanduna biyu masu karkata da sunan wata kwamfuta, kamar \\OFIS\Albashi, ita kake amfani da ita. A farkon shekarun 1990 wani ɗalibin jami'a a Ostareliya, Andrew Tridgell, ya rubuta manhajar Samba, wadda ta koya wa kwamfutocin Unix da Linux wannan hanya. Shi ya sa ƙananan akwatunan ajiya da ake sayarwa yau, waɗanda yawancinsu Linux ne a ciki, suke zama lafiya da Windows a ofis ɗaya.

Abu na farko da ya kamata kowa ya gane, ko da ba ma'aikacin kwamfuta ba ne, shi ne shingen biyu ne. Kamar gidan gargajiya ne, akwai ƙofar zaure, akwai ƙofar ɗaki. Izinin tarayya shi ne zaure: duk wanda ya zo daga wata kwamfuta sai ya bi ta nan, matakansa kuma uku ne kacal, karantawa, canzawa, da cikakken iko. Izinin NTFS, wato tsarin ajiyar fayil da Windows ke da shi tun 1993, shi ne ƙofar ɗaki, yana manne da kowace folda da kowane fayil. In biyun suka saɓa, wanda ya fi tsanani shi ke aiki. Wanda aka ba cikakken iko a ɗaki amma karantawa kawai a zaure, karantawa kawai zai yi. Sai dai wanda ya zauna a gaban kwamfutar ita kanta ya riga ya wuce zaure, ƙofar ɗaki ce kaɗai za ta tare shi. Saboda haka wanda ya tsaurara izinin tarayya ya bar na NTFS a sake, rabin aiki ya yi. A kuma sani cewa yawancin filasha ba NTFS ba ne, FAT32 ne ko exFAT, waɗanda ba su san izini ba sam. Fayil ɗin da aka kwafa daga folda mai tsaro zuwa filasha ya bar tsaronsa a baya.

Duk wannan ana iya saita shi da linzami, a danna dama, a shiga taga, daga ita a shiga wata, a sa alama a akwati. Ni ma nakan yi haka in folda ɗaya ce. Amma abin da aka yi da linzami ba ya barin sawu. Bayan wata shida babu mai iya cewa ga akwatin da aka taɓa ga kuma dalili, har shi wanda ya taɓa ɗin. Umarnin da aka rubuta kuwa jimla ce cikakkiya, tana ɗauke da wanda aka ba, da abin da aka ba shi, da inda aka ba shi. Ana iya adana ta a fayil, a karanta wa mai ofis, a maimaita ta a kan folda hamsin ba tare da hannu ya zame a ɗaya ba, a kuma sake gina komai da ita ranar da faifan ajiya ya mutu. Ga wanda yake gyara daga nesa a kan intanet mai rarrafe, rubutu yana wucewa inda hoton allo yake maƙalewa. Wannan ne ya sa na fi jin daɗin aiki da baƙar tagar nan da mutane ke tsoro, wadda ake kira layin umarni.

Buɗe ta ba wuya: ka danna maɓallin Windows, ka rubuta cmd, ka zaɓi buɗewa da ikon admin. Ina roƙon mai karatu ya fara da umarnin da ba ya canza komai, kallo kawai yake yi:

net share

Zai jero duk abin da kwamfutar ta buɗe wa na waje. A nan mutane da yawa suke fara riƙe baki, domin sukan ga foldar da aka buɗe shekarun baya don a kwafi wani abu sau ɗaya, aka manta ba a rufe ba. Za ka kuma ga C$ da ADMIN$ da IPC$. Waɗannan na Windows ne ita kanta, kuma biyun farko masu ikon admin kaɗai ke shigarsu. Alamar dala a ƙarshen suna tana hana folda fitowa a jerin da kowa ke gani, amma ba ta hana wanda ya san sunan shiga. Na sha ganin an sa wa foldar albashi wannan alama an ɗauka an kulle ta, alhali duk wanda ya rubuta sunan daidai zai same ta a buɗe.

Daga Windows 8 da Windows Server 2012 zuwa yau, akwai hanya mafi tsafta a PowerShell, ɗaya tagar umarnin da Microsoft ta fitar a 2006:

Get-SmbShareAccess -Name Albashi

Wannan zai nuna wa ke wucewa ta zaure, da kuma wane mataki. Don ganin ƙofar ɗaki kuwa, sai a rubuta:

icacls D:\Ofis\Albashi

Shi icacls ya gaji wani tsohon umarni mai suna cacls tun zamanin Windows Vista. Amsarsa layuka ce, kowane layi da sunan mutum ko rukuni, sai wasu haruffa a gabansa. Da farko suna kama da zanen aljanu, amma kaɗan ne, ana haddace su a zama ɗaya. RX na nufin mutum zai buɗe ya karanta. M na nufin zai karanta, ya rubuta, ya goge. F shi ne cikakken iko. Harafin I na nufin ba a kan wannan foldar aka rubuta izinin ba, gadonsa ta yi daga foldar da ke samanta. OI da CI kuma na nufin izinin zai sauka kan fayilolin da foldodin da ke ciki, har waɗanda ba a ƙirƙira ba tukuna.

Bambancin M da F ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake yawan ɓarna. A aikin yau da kullum mai M da mai F ba za su ji wani bambanci ba, dukansu suna adana takarda su goge ta. Amma mai F yana iya canza izinin kansa: ya ƙara abokinsa, ya cire shugabansa, ya mai da folda mallakarsa. Wato an ba shi ikon rusa duk tsarin da aka zauna aka yi. Ban san wani aikin akanta ko na akawu ko na malami da ke buƙatar wannan ba. Shi ya sa nake ba ma'aikata M a ɗaki da matakin canzawa a zaure, in bar F ga masu kula da na'ura kaɗai. Akwai wata hikima a nan da ba kowa ya lura da ita ba: a Windows, wanda ya ƙirƙiri fayil shi ne mai shi, mai fayil kuma yana da damar sauya izininsa ko ba a rubuta masa ba. Matakin canzawa na zaure shi ke toshe wannan kafa ga wanda ya zo daga wata kwamfuta.

Kafin a rubuta ko da umarni ɗaya na canji, akwai aikin da ba na kwamfuta ba, kuma a ganina shi ne babba. Takarda da biro ake ɗauka a zauna da mai ofis. A wata makaranta shugabar ta ce mini, "Injiniya, ai kai ka san abin da ya dace, ka yi kawai." Na ce, "Ranki ya daɗe, kullewa na sani, amma ban san wa kika amince wa ba. Mataimakinki zai ga albashi ko kuwa?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Ya ga na malamai, tunda shi ke haɗa sa'o'insu. Nawa da nasa kuwa daga ni sai ma'aji." Wannan amsa kaɗai ta mai da folda ɗaya biyu, kuma babu wani gwanin kwamfuta da zai iya ƙirƙiro ta daga kansa. Hukuncin wa zai ga me na mai amanar ne. Idan mai gyara ya yanke shi a madadinsa, to ko dai ya buɗe wa kowa don a zauna lafiya, ko ya kulle bisa zato, dukansu biyun kuma ba daidai ba ne.

Ƙa'idar da nake bi a wannan zama tsohuwa ce. Jerome Saltzer da Michael Schroeder na jami'ar MIT a Amurka sun zayyana ta a wata maƙala a 1975: a ba kowa mafi ƙarancin izinin da zai ishe shi aikinsa. Wasu sukan ji kamar rashin yarda ne da ma'aikata. Ni kuwa na ɗauke ta kariya ce gare su. Ranar da maki ya canza ko takarda ta ɓace, malamin da ba shi da izinin rubutu a foldar babu mai kallonsa da zargi.

Daga takarda sai rukunoni. Kada a ba mutum izini da sunansa, a ba matsayinsa. Ma'aikata suna zuwa suna tafiya, ɗan bautar ƙasa shekara guda zai yi, amma ofishin kuɗi yana nan. A ƙaramin ofis da ba shi da babbar sabar da ke tattara asusun kowa, ana yin rukuni a kan kwamfutar da ke riƙe da foldar:

net localgroup Kudi /add
net localgroup Kudi maaji1 /add

Layi na farko ya ƙirƙiri rukunin, na biyu ya sa asusun ma'aji a ciki. Da gangan na rubuta Kudi ba da harafi mai ƙugiya ba, domin tsohuwar tagar umarni da wasu na'urori sukan dagula ɗ da ƙ da ɓ, sai sunan da ka adana yau ya dawo gobe da alamar tambaya a tsakiya. Yanzu sai a buɗe zaure ga wannan rukuni:

net share Albashi=D:\Ofis\Albashi /grant:Kudi,CHANGE /grant:Administrators,FULL

In kuwa foldar dama a buɗe take da Everyone a ciki, PowerShell zai cire shi ba tare da an rushe tarayyar ba:

Revoke-SmbShareAccess -Name Albashi -AccountName Everyone

Ƙofar ɗaki ta fi buƙatar natsuwa, saboda gado. Sabuwar folda ba ta zuwa fanko, tana ɗauko izinin uwarta. A kwamfutocin Windows 10 da 11 da aka saba gani, foldar da aka ƙirƙira kai tsaye a faifai takan gaji izinin gyarawa ga rukunin Authenticated Users, wato duk mai asusu da kalmar sirri, da izinin karantawa ga rukunin Users. Saboda haka ƙara wa rukunin Kudi izini bai cire kowa ba. Sai an yanke gadon. Amma kafin a taɓa shi, a adana yadda abubuwa suke:

icacls D:\Ofis\* /save izini.txt /T

Wannan layin ya kwashe izinin kowace folda da kowane fayil da ke ƙarƙashin Ofis ya zuba a fayil ɗaya. In aiki ya karkace, icacls D:\Ofis /restore izini.txt zai mayar da komai yadda yake. Ban yarda kowa ya taɓa izinin foldar mutane ba tare da wannan ba, komai ƙwarewarsa. Sannan:

icacls D:\Ofis\Albashi /inheritance:d
icacls D:\Ofis\Albashi /remove "Authenticated Users" Users
icacls D:\Ofis\Albashi /grant "Kudi:(OI)(CI)M"

Layi na farko ya yanke gado amma ya bar kwafin abin da aka gada, don a cire a tsanake. Yana da ɗan'uwa, /inheritance:r, wanda ke share duk abin da aka gada a take, kuma wanda ya yi shi ba shiri yana iya kulle kansa a waje, sai ya nemi umarnin takeown ya ƙwato folda. Layi na biyu ya cire jama'a, na uku ya shigar da masu aikin. Alamun zance da ke kewaye da na ukun suna da amfani, domin PowerShell yana fassara baka a matsayin nasa umarni in ba a sa su ba. Bayan haka a sake rubuta icacls da sunan foldar kawai, a karanta amsa layi-layi, a gwama da takardar da aka rubuta da mai ofis. Sai kuma gwaji na zahiri: a je teburin wanda bai kamata ya shiga ba, a gwada buɗewa da asusunsa.

Akwai wani izini da ake kira hani, wanda ake rubutawa da /deny. Yana da jan hankali, domin mutum yakan so ya ce wane kada ya shiga. Ina guje masa iya ƙoƙarina. Hani yana rinjayar bayarwa, don haka in ka hana wani rukuni, ka hana duk wanda ke cikinsa ko da wani rukunin ya ba shi, kuma mutum ɗaya yakan kasance a rukuni uku ko huɗu ba tare da kowa ya tuna ba. Wanda ya hana rukunin Users ya hana har ma'ajin da yake son ya shiga. A Windows, wanda ba a ba shi izini ba dama ba ya shiga, don haka rashin bayarwa ya wadatar.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne Windows ba ta san mutum da suna ba, da lamba ta san shi, doguwar lamba mai farawa da S-1-5 da ake kira SID. In ka goge asusun maaji1 ka sake ƙirƙirar wani da sunan, sabon ba zai gaji komai ba, a kan foldodin kuma za ka riƙa ganin lambar tsohon tsirara ba suna. Wannan lamba tana da amfani ga masu aiki a ɓangarorin iyaka biyu. Windows ta Faransanci, irin wadda ake samu a ofisoshin Maraɗi da Damagaram, tana kiran Everyone da Tout le monde, Administrators kuma Administrateurs. Umarnin da aka rubuta a Kano da sunan Ingilishi zai ce bai san rukunin ba in aka kai shi can. Amma lambar ba ta canzawa a ko'ina: S-1-1-0 ita ce kowa da kowa, S-1-5-11 ita ce masu asusu, kuma icacls yana karɓarta in an sa mata tauraro a gaba, kamar *S-1-1-0.

Ƙananan ƙorafe-ƙorafen da ke biyo bayan gyara kusan iri ɗaya ne a ko'ina. An sa mutum a rukuni amma har yanzu an ce ba shi da izini: sai ya fita daga asusunsa ya sake shiga, domin a lokacin shiga ne ake lissafa rukunoninsa. Kuskure mai lamba 1219 na nufin kwamfutarsa tana riƙe da tsohuwar alaƙa da wani sunan, net use * /delete zai sake ta. Fayil ɗin da aka ja daga wata folda zuwa wata a faifai ɗaya yakan taho da tsohon izininsa, wanda aka kwafa kuwa yakan ɗauki na sabon wuri. Ofis ɗin da ya girma kuma ya sani cewa Windows ta tebur ba ta karɓar na'urori fiye da 20 a lokaci guda.

Wani zai ce ma'aikatansa duk amintattu ne, to me ya kawo wannan wahala? Amsata ita ce ba mutum kaɗai ke amfani da izinin mutum ba. Manhajar garkuwa da fayil, wadda ke kulle takardu ta nemi kuɗin fansa, in ta shiga kwamfutar akawu ta saƙon imel ko ta filasha, da izinin akawun take aiki. Duk inda yake iya rubutu, tana iya kullewa. In foldar ofishinsa kaɗai yake iya rubutawa, ɓarnar ta tsaya a nan. In Everyone ke da cikakken iko, kwamfuta ɗaya ta isa ta cinye aikin shekaru, har da kwafin ajiyar da aka bari a foldar da kowa ke iya taɓawa. Wannan na ƙarshen ya fi ci mini rai, domin mutanen sun yi ƙoƙarin ajiye kwafi, sai dai sun ajiye shi a inda wutar za ta kai.

Gaskiya kuma izini ba shi ne komai ba. A ranar 12 ga Mayu, 2017, manhajar WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, ta kama kwamfutoci fiye da 200,000, a Ingila har asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000. Ba ta bi ta izini ba, ta bi ta wata kafa ce a tsohon zubin SMB na farko, wadda Microsoft ta riga ta fitar da maganinta tun watan Maris na shekarar, amma mutane da yawa ba su sabunta ba. Daga ƙarshen 2017 sabbin Windows 10 suka fara zuwa ba tare da wannan tsohon zubin a kunne ba. Duk da haka ina tarar da shi, yawanci saboda wata tsohuwar na'urar fotokofi da ke tura hoton takarda zuwa folda ba ta jin komai sai shi, sai wani ya kunna mata. Umarnin Get-SmbServerConfiguration zai nuna ko yana kunne, a layin EnableSMB1Protocol. In yana kunne, gara a nema wa fotokofin wata hanya da a bar duk ofis a buɗe dominta.

Yanzu ma abin ya wuce shawara. A Najeriya an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, aka kafa hukumar da ke kula da ita, kuma dokar ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Makarantar da ke ajiye adireshin iyaye da asibitin da ke ajiye sakamakon gwaji suna ciki. Fayil ɗin umarnin da aka adana, da kwanan wata da sunan wanda ya amince, shi ne abin da ofis zai nuna in an tambaye shi wane mataki ya ɗauka.

Masu Linux tafiyarsu ɗaya ce, kalmomi ne suka bambanta. Zauren yana cikin fayil ɗin smb.conf, inda layin valid users = @kudi ke cewa 'yan rukunin kudi kaɗai za su wuce, umarnin testparm kuma ya duba ko an yi kuskuren rubutu. Ɗakin kuwa da chown da chmod ake saita shi, kuma da lambobi: 4 karantawa, 2 rubutawa, 1 shiga, a haɗa su ga mai fayil, da rukuni, da sauran jama'a. Lamba 770 ta ba mai shi da rukuninsa komai ta hana saura. Ƙarin 2 a gaba, wato 2770, yana sa duk sabon fayil ya zama na rukunin foldar. Lamba 777 kuwa ita ce Everyone da cikakken iko ta can ɓangaren, kuma dalilin da ke sa a rubuta ta shi ne dai gaggawar nan ta ranar farko.

Inda tsari mai kyau ya fi lalacewa shi ne ranar da wani ya bar aiki. Akan karɓi makullin ofis da katin shaida, a manta da asusu. In an bi hanyar rukuni, aikin layi biyu ne: net user maaji1 /active:no ya dakatar da asusun ba tare da an goge shi ba, net localgroup Kudi maaji1 /delete ya cire shi daga rukuni. Dakatarwa ta fi gogewa a kwanakin farko, domin sunansa zai ci gaba da bayyana a kan fayilolin da ya bari har a gama miƙa su ga magajinsa. Umarnin Get-SmbSession zai nuna ko akwai kwamfutar da ke haɗe da sunansa a wannan lokaci, Close-SmbSession kuma ya yanke ta. Duk wannan ba zai yiwu ba a ofis ɗin da mutum biyar ke shiga da asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya, don haka raba wa kowa nasa asusu yana gaba da duk abin da na zayyana. Wanda aka canza wa ofis ma haka: a sa shi a sabon rukuni, a cire shi daga tsohon a rana ɗaya, in ba haka ba ma'aikacin da ya daɗe zai wayi gari yana buɗe kowace folda a gidan. A makarantu nakan nemi a yi wannan bita a farkon kowane zango, a sauran ofisoshi duk bayan wata uku: a buga amsar net localgroup ta kowane rukuni a takarda, a kai wa mai ofis, ya bi sunayen da biro ya soke wanda bai kamata ya kasance a ciki ba.